Takarda Mai Ninki Uku

Ninki uku ya yi wa takardar, sannan ya tura kusurwar da ta rage ciki da babban yatsansa, ta koma kamar ɗan ƙaramin ambulan. Ko kallonta bai yi ba. Hannunsa na aikin da ya saba, bakinsa kuma na bayani a kan sabon maganin hawan jinin Mama: ƙwaya ɗaya da safe bayan ta karya, kada ta haɗa da tsohon, in ta ji jiri a kira shi. Da ma a jikin kwalin yake rubuta irin wannan, yau ne kwalin ya zo da santsi, biro ya ƙi kamawa.

Auta ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba. Idonta na kan takardar da ke tsakaninsu a kan teburin kantin maganin.

"Autar Mama, kina tare da ni kuwa?"

Ta ɗago a hankali. Mutumin da saura mako bakwai a ɗaura musu aure ne a gabanta, cikin farar rigarsa ta aiki, idanunsa sun faɗa, abin da ta daɗe tana ɗora wa yawan aiki.

"Kai ne..." ta ce. "Kai kake jefa su a akwatin."

Bai tambaye ta wane akwati ba.

Akwatin na katako ne, yana rataye a bayan coci kusa da kwanon ruwa mai tsarki. Mahaifinsa, tsohon Katekis mai koyar da addini a cocin, shi ya ƙera shi da hannunsa tun kafin a haifi Auta, ya ce duk mai tambayar da kunya ta hana shi yi a fili ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ranar Lahadi bayan sanarwa sai ya tashi ya amsa. Da ciwo ya kwantar da shi bara, Fada, limamin cocin, ya miƙa mabuɗin ga mutum huɗu, rubuta amsa kuwa ya faɗo kan Auta, don kowa ya san ita ce ɗalibar da tsohon ya fi ji da ita. Aku yake ce mata, saboda ba ya faɗin abu ta manta. A ɗakin karatu na jami'a take aiki, inda mutum zai wuni bai furta kalma goma ba, kuma hakan ya yi mata daidai. Gaisuwa ma kanta a sunkuye take yi. Amma a ba ta takarda a hannu a tsayar da ita gaban jama'a, muryarta ko rawa ba ta yi.

Yawancin tambayoyin tsoffin baƙi ne. Don me Katolika ke durƙusa wa gumaka? Sai ta ce Mama kullum da safe tana goge hoton marigayi Baba, wani lokacin har ta yi masa magana, kuma ba wanda ya taɓa cewa takarda ta aura. Yaya za a ce Maryamu Uwar Allah ce, Allah yana da mafari ne? Sai ta ce uwa mutum take haifa sukutum, ba ɓangarensa ba, kuma wanda Maryamu ta haifa shi ɗaya ne, Allah ne na gaskiya, mutum ne na gaskiya. Sunan ba girmanta yake faɗa ba, ko wane ne Ɗanta yake faɗa. To da yake kwance cikin ciki wata tara, wa ke riƙe da duniya? Sai ta ce rana takan shigo ɗaki ta taga har ta kwanta a kan tabarma, ba ta kuwa bar sama ba. Duk amsoshin tsohon ne, ita dai takan sake musu riga.

Wata huɗu da suka wuce aka fara jefo wasu takardu masu ninki uku, da manyan baƙaƙe, kamar mai ɓoye rubutunsa. Ba su da ƙamshin gardama irin na sauran. Ta farko layi ɗaya ce: Yesu ya taɓa mantuwa? Ta makon jiya ita ce mafi tsawo.

Kun ce ya ɗauki jikinmu don ya ɗanɗani abin da muke sha. Ya mutu yana da shekara talatin da uku, da haƙoransa da hankalinsa. Bai tsufa ba. Bai taɓa ɓata wandonsa yana babba ba. Bai taɓa duban wanda yake ƙauna ya tambaye shi ko shi wane ne ba. To wane jikin namu ya ɗauka?

Ran da suka buɗe akwatin, Zabiya ce ta fara ɗaukar takardar. Ita ke jan waƙa a coci, tare suka tashi da Auta, ajin koyon addini ɗaya suka zauna. Ta juya takardar a yatsunta, ta yi wani murmushi, ta ce wannan ai wani ɗan iska ne daga waje yake zuwa yi musu ba'a, in aka ci gaba da lallaɓa shi zai raina coci. "Ƙawata, wannan karon ki ɗan zuba masa barkono."

Auta ta zuba. Ta rubuta cewa Ɗan Allah ya ɗauki halittarmu gaba ɗayanta, jiki da rai da hankali, ba wai ya bi wahalhalu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa ba. Bai zama mace ba, ya fanshi mata. Bai makance ba, ya fanshi makafi. Likita ba sai ya kwanta kowace cuta kafin ya warkar da ita ba. Har nan ba laifi. Sai ta rufe da cewa mai wannan tambaya ba amsa yake nema ba, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, in kuma tsufa yake tsoro ya zo a yi masa addu'a.

Jiya Lahadi ta karanta. Coci ya ɗauki dariya, wasu har da tafi. Ta hango shi a benci na uku bai yi dariya ba, ta ce a ranta gajiya ce.

Yanzu ga shi a gabanta, ya jingina da kabad ɗin magunguna, ya harɗe hannuwa.

"Amsarki ta yi kyau," ya ce. "Har ni na kusa tafawa."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Kullum muna tare..."

"Na tambaye ki. Kin kuma amsa."

Wata mata ta shigo neman maganin tari na yaro. Ya sallame ta cikin fara'a, har da tsokanar ɗan da ke bayanta, Auta na tsaye kamar an dasa ta. Da matar ta fita ya faɗa mata sauran, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana jera kwalaye da ba su buƙatar jerawa. Wata biyar ke nan bai karɓi Jikin Almasihu ba. Yakan zauna a bencinsa har layi ya ƙare. Ita tana can gaba da takardunta, shi ya sa ba ta gani ba. Yakan buɗe baki zai yi addu'a ya ji kamar yana magana a cikin rijiyar da ta ƙafe. Ran Lahadi mai zuwa Fada zai fara karanta sanarwar aurensu, shi kuwa ba ya so ya tsaya gaban bagade ya yi mata ƙarya.

Ta tambaye shi ko jikin Babansa ne. Ya ce Baba na hutawa, kamar yadda yake gaya wa kowa tun bara: ƙafa ce ta ƙi, likita ya hana baƙi. Ya tura mata kwalin da takardar, ya ce ta gai da Mama.

Ita da ake yabo da lura, wadda ke gane littafin da aka mayar ba a gurbinsa ba tun daga bakin ƙofa, wata biyar ba ta ga bencin da ba ya tashi ba.

Kwana biyu ta riƙe maganar a cikinta, abinci ma sai dai ta jujjuya cokali. Ran Laraba ta dawo aiki ta tarar da kofuna biyu a falo da ƙamshin turaren da ta sani. Zabiya ta zo ta tafi.

Mama na zaune a bakin gado, carbin rozari a cinyarta, ba ta ja. Ita ce shugabar zumuntar mata, macen da in ta yi gyaran murya a taro ake jin faɗuwar allura. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce an gaya mata wanda ke rubuta saɓon nan, kuma daga fuskar Auta ta ga ba ƙarya aka yi ba. Auta ta ce ba saɓo ba ne, tambaya ce. Mama ta ce ita ma da tambaya aka fara mata.

"Ubanki mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Amma shekara ashirin da shida ni kaɗai nake zama a benci. Ni kaɗai na kai ku baftisma. In na durƙusa da ku a ɗaki, shi yana falo ya ƙara muryar rediyo. Kin san abin da ake ji a miƙa hannun salama ga mijin wata, naki yana gida? Ban haife ki don ki gaji wannan bencin ba."

"Mama, shi ba haka yake ba..."

"Haka na ce wa tawa uwar." Ta miƙa tafin hannunta. "Ba ni."

Auta ta dubi zoben alkawarin da ke yatsanta. Amsoshi sun fi ashirin a kanta, ko wacce da hujjarta, amma ba ta taɓa iya musu da kowa ba sai a takarda. Ta zare shi. Mama ta ƙulle shi a bakin hankici, ta ce ran Asabar da hantsi za ta kai masa da kanta, daga nan ta wuce ta gaya wa Fada kada ya karanta komai.

Washegari da yamma Auta ta tari Zabiya a bayan coci, kafin a fara koyon waƙa. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa, da suka haɗa ido sai kalma ɗaya ta fito: don me?

Zabiya ba ta yi musu ba. Ta ce tun takardar farko ta gane ninkin, ai a wurinsa take sayen maganin maƙogwaro, kuma ba yau ta fara kallon hannunsa ba, tun suna 'yan shekara sha biyar take kallo.

"Ke za ki aure shi, ba ki san ninkinsa ba. Kin ma san dalilin da yake rufe kanti kullum ƙarfe sha biyu, ya dawo da hannun rigarsa a jiƙe? Ki tambayi littattafanki."

Ta juya ta shige, ba a jima ba muryarta ta tashi a ciki, zaƙi kamar ba ita ba. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne, a duk muguntar babu ƙarya ko ɗaya.

Ba ta tafi gida ba, ta ƙwanƙwasa ofishin Fada. Tsoho ne mai son shayi da yawan shiru. Ya saurare ta har ta gama, ya ce shakka ba ta cikin abubuwan da ke hana aure, in da tana ciki da rabin cocin nan gwauraye ne. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san alkawarin da zai ɗauka, ya kuma nufe shi da gaske; saurayin ya zo su zauna. Game da gidan Katekis kuwa, ya ce yana zuwa duk wata, amma abin da ya gani a can ba nasa ba ne da zai ba da labari.

Ta tambaye shi ko akwai kuskure a amsarta.

"Na duba ta kafin ki karanta. Babu kuskure, shi ya sa na bari ta wuce, laifina ke nan." Ya juya kofinsa. "'Yata, da amsa kaɗai muke bukata, ai Allah daga sama ma zai iya faɗa mana. Zuwa ya yi."

Ran Asabar ta riga Mama fita.

Ta san gidan, ko ta ce ta san falon. Nan take tsayawa kullum, kan kujera mai kallon labule, ya kawo mata ruwa, ta ce a gai da Baba, ya ce zai ji. Yau ƙofar waje a sake take. Ta yi sallama sau biyu ba amsa, sai wata ƙara daga ciki, kamar an ture kwano, da muryar tsoho yana ihu a rabu da shi, ɓarawo, a rabu da shi.

Ta ɗaga labulen.

Wari ne ya fara tarbarta, na fitsari da sabulun asibiti. Sai takardu. A kowace ƙofa an manna ɗaya, da manyan baƙaƙen nan da ta sani: BANƊAKI. KICIN, KADA KA SHIGA. ƊAKINKA. A bangon ɗakin akwai hoton saurayinta ran da ya gama jami'a, a ƙasansa an rubuta: WANNAN ƊANKA NE.

Tsohon na zaune a bakin gadon da aka shimfiɗa wa leda. Mutumin da muryarsa ke cika coci ba lasifika ya koma kamar tsumma a kan ƙusa. Ya ɓata jikinsa har ƙafa. Ɗansa na durƙushe a gabansa, ruwan roba ya zube rabi a ƙasa, yana riƙe da hannuwan tsohon yana cewa Baba ni ne, wanka kawai za mu yi, tsohon kuwa yana fizgewa yana kiran maƙwabta su zo baƙo zai tuɓe shi.

Saurayin ya waiwayo ya gan ta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Fita."

Ba ta motsa ba.

"Don Allah ki fita. Ba haka zai so ki gan shi ba. Shekara guda ina tsare masa wannan..."

Ƙafafunta na so su bi umarnin. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Surukinta ne, malaminta ne, mutumin da ko idonsa ba ta taɓa kallo ba. Sai tsohon ya daina fizga. Ya ƙura mata ido, bakinsa na rawa.

"Mama," ya ce. "Mama, kin dawo? Wannan mutumin zai dake ni."

Ta rataye jakarta a hannun ƙofa. Ta cire takalmi, ta taka ruwan da ya zube, ta durƙusa.

"Na dawo," ta ce. "Ba mai dukanka. Ni na aiko shi."

Ba su yi shawara ba, aikin ne ya raba kansa. Ta ɗauko zani ta yafa wa tsohon daga kafaɗa, ta riƙe fuskarsa yana kallonta, tana yi masa hirar banza, ta ruwan sama da tsadar sabulu, ɗan kuma ya gama da abin da ba nata ba ne ta gani. Ya fita da kayan, ya dawo da sabon ruwa. Ta tsoma gwiwar hannu ta ji zafinsa, kamar yadda ta ga Mama na yi a watannin ƙarshe na mahaifinta, ta ce a ƙara na sanyi kaɗan. Ta wanke masa fuska da wuya da hannuwa. Amai ya taso mata sau ɗaya, ta haɗiye, ta san kuma saurayin ya gani. Da ta kai ƙafafu, tsohon ya miƙo yatsa ya ƙwanƙwasa bayan hannunta sau biyu, yadda yake ƙwanƙwasa tebur a aji kafin ya jefo tambaya. Ta ɗago tana jira.

Tambayar ba ta zo ba. Ya manta da ita a hanya.

A nan ne hawayen suka ƙwace mata.

Sun sa masa riga mai tsabta, sun canja zanin gado, ya kwanta yana riƙe da gefen mayafinta. Saurayin ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Ya gaya mata, ba tare da ya dube ta ba, cewa sau uku ake yin haka a rana. Mai jinya na zuwa da safe a ranakun aiki, sauran nasa ne. Wata biyar da suka wuce ya kama hannun Baba zai taya shi yin alamar gicciye, Baba ya tambaye shi ko wane irin wasa ne wannan. Mutumin da ya koya wa gari guda. Tun ran nan abin ya tsinke.

"Ka yafe mini," ta ce. "Na sa an yi maka dariya, da kai da shi."

"Ba ki sani ba."

"Ban nemi in sani ba."

Ta murza tawul a hannunta. Babu takarda, don haka maganar ta fito a karkace, tana tsayawa tana ci gaba. Ta ce gaskiyarsa ne, Yesu bai tsufa ba, ba za ta ƙara kewaye wannan ba. Amma tun ɗazu da take riƙe da fuskar Baba wani abu ke mata yawo a rai. Shi ma Yesu an riƙe shi haka. Wanda ya yi harshe ya yi watanni bai iya furta kalma ba. Ya ɓata jikinsa, wata mace ta share, ta tsoma hannu ta ji zafin ruwa. Bai zo da girmansa ya shigo ta ƙofa ba, alhali zai iya.

"Jariri gaba yake yi," ya ce. "Wannan kullum raguwa yake."

"Na sani."

"To?"

"A ƙarshe ma an tuɓe shi a gaban mutane. Da aka sauko da shi, wasu ne suka ɗauke shi, wasu suka naɗe shi, ko yatsa bai iya ɗagawa ba. Farkonsa a hannun mutane, ƙarshensa a hannun mutane." Ta share hanci da bayan hannu. "Don me ya bar Baba ya kai haka, ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Nawa. Abin da na sani kawai, ɗakin nan ba baƙon wuri ba ne a gare shi."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Fanka na juyawa a hankali, tsohon ya fara minshari.

"Ban ce na yarda ba," ya ce.

"Ban tambaye ka ba."

"Mama za ta tambaya. Fada ma."

"Fada ya ce ka je ku sha shayi, ka gaya masa duk abin da ka rubuta da wanda ba ka rubuta ba. Ni kuwa abin da za ka ɗaukar mini a gaban bagade, cikin lafiya ne da rashin lafiya." Ta dubi robar, da ledar, da hoton da ke bango. "Na ga yadda kake cika irin wannan."

Sai a lokacin idonsa ya sauka kan yatsanta. Ta ga ya gani. Ta gaya masa zoben yana wurin Mama, a ƙulle cikin hankici, kuma tana nan tafe da shi yau.

"Tana da gaskiya," ya ce. "Wataƙila ke kaɗai za ki riƙa zama a benci. Wataƙila shekaru."

"Wataƙila. In ta kawo, ka karɓa da ladabi, ka ajiye. Ni zan zo in amsa da hannuna." Muryarta na rawa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ƙarfe nawa ake na rana?"

Ya rufe fuskarsa da tafukansa. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ba sauti. Ta so ta matsa kusa da shi, amma tsohon na riƙe da mayafinta, in ta ja zai farka. Sai ta miƙa ɗayan hannun iya tsawonsa, ta ɗora a kan gwiwarsa, ta zauna haka a tsakaninsu.

A nan ne ta hangi takalman.

Ƙarƙashin labulen ƙofar ɗakin, baƙaƙe masu faɗi, na dama ya ɗan cinye ta gefe saboda ciwon gwiwa. Ba ta san tun yaushe suke wurin ba. Ruwan da ya gangara daga ɗakin ya kai gare su, ya kewaye su, har ya fara bushewa.

Auta ba ta janye hannunta ba. Tana jiran gyaran muryar nan da ke sa a ji faɗuwar allura.

Labulen ya ɗan motsa. Ta gefensa ta ga rabin fuskar Mama, ba ita take kallo ba, ba kuma saurayin ba. Tsohon take kallo, mutumin da ya koya wa 'ya'yanta duka addu'ar farko, da ledar da ke ƙarƙashinsa, da robar ruwan. Ta daɗe tana kallo, irin kallon wadda ta san nauyin robar nan in ta cika.

Hannu ya zuro, ya lalubi jakar da ke rataye a hannun ƙofa. Wani ƙaramin abu ya zame daga bakin hankici ya faɗa ciki, ya yi ƙara a kan mabuɗan Auta.

Takalman suka juya. Ta ji su suna tafiya a hankali, na dama na ɗan ja, suka ratsa falo. Aka jawo ƙofar waje sannu, yadda ake yi in akwai mai barci a gida.